Harabar da aka daɓe sau huɗu: nazarin wani gida a Jos

Gidan da filinsa

Gidan yana arewacin Jos, cikin unguwannin da suka bazu a gangaren dutse idan an wuce Rikkos. Maigidan tsohon akanta ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, mutum mai rubuta komai a littafi, har kuɗin ƙusa. Daga littafin nasa na samo yawancin awo da watannin da ke cikin wannan rubutu. Sauran kuwa da idona na gani, don katanga ɗaya ce ta raba mu.

Filin hamsin da ɗari ne, kamar yadda dillalai ke faɗa, wato kimanin mita 15 a faɗi da mita 30 a tsawo. An ja ginin baya, aka bar haraba mai tsawon mita 12 daga get zuwa baranda, jimilla murabba'in mita 180. Ranar da suka tare, a watan Maris na 2019, harabar ƙasa ce zalla, kuma sai an taka matakala biyu ake hawa baranda. Tsayin matakalar biyu santimita 32 ne.

Akwai abu biyu game da filin da ba wanda ya damu da su a lokacin. Na farko, layin da ke gaban gidan ya fi gidan tudu: ƙasar bakin get ta ɗara ta gaban baranda da santimita 35. Na biyu, kusurwar da get yake a dā rami ne, irin ramukan da masu tonon kuza suka bari birjik a ƙasar Jos. Lokacin gini aka cike shi da ɓaraguzai da ƙasar harsashi da shara, ba tare da an daddaɓe ba.

Jos na bisa tsaunin da ya haura mita 1,200 daga matakin teku. Ruwa kan sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, kusan milimita 1,400 a shekara, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Mutanen wannan ɓangare na gari ba a ba su labarin ruwa, tun ambaliyar Yulin 2012 da ta yi ɓarna a Rikkos da Gangare. Bayan damina kuma sai hunturu mai sanyi da busasshiyar iska.

2019 zuwa 2020: laka, sannan burji

Daminar farko ta mai da harabar caɓi. Mota ta kafe sau biyu tsakanin get da baranda, yara kuma suna shiga falo da laka har idon sawu. A Nuwamban 2019 maigidan ya sa aka kawo tifa uku ta burji, leburori suka baza da shebur, kaurinsa kamar santimita 10. Ba a daddaɓe ba, an bar wa tayar mota aikin.

Da rani ƙura ta hana Hajiya, matar maigidan, shanya a waje. Da ruwan 2020 ya sauka, ya yanka kwari uku a cikin burjin, ya kwashe mai laushin ya jibge a gindin baranda. Matakalar ƙasa ta nutse rabi.

Disamban 2020: daɓen siminti

Shawarar da kowa ya bayar ita ce a zuba siminti a huta. Wani magini na unguwa ya karɓi aikin a kan kuɗi dunƙule, har da kaya. Littafin maigidan ya nuna buhu 30 na siminti aka kashe a kan murabba'in mita 180, kaurin daɓen santimita 5. Ko a wannan kaurin, in da an bi haɗin da aka saba na kankare, wato buhu ɗaya da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, da abin ya ci buhu hamsin da wani abu. An dai ja simintin ya kai, da yashi mai yawa da ruwa mai yawa.

Ba a sa ragar ƙarfe ba, ba a yanka layin da zai raba daɓen gida-gida ba, an zuba shi falle ɗaya daga katanga zuwa katanga. Da za a tashi, maginin ya barbaɗa garin siminti a sama ya goge da cokali har yana sheƙi. Kowa ya yaba, ni ma na yaba.

Tsakiyar hunturu ne, iska na shanye danshi tun kafin hantsi. Kankare na son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Wannan an jiƙa shi kwana biyu, saboda famfo ba ya zuwa, ruwan daga 'yan garuwa ake saye. A rana ta biyar aka yi suna a gidan, motoci uku suka kwana a kai.

Kafin ƙarshen Fabrairun 2021 tsaga ta fito kamar saƙar gizo-gizo. A Maris tankar ruwa ta shigo da baya don cika tanki. Tanka mai lita 10,000, ruwan cikinta kaɗai tan goma ne, ban da nauyin motar. Daidai kan tsohon ramin daɓen ya burma, faɗin tabarma guda.

Damina ta kawo abu biyu. Da yake yanzu ba inda ruwa zai nitse, duk abin da ya sauka a harabar, da na kwanon rufi, da wanda ya kwararo daga layi ta ƙarƙashin get, sai ya gangaro ya taru a gindin bango. Fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, har tsayin santimita 40 daga ƙasa. Sannan gefen da inuwar katanga ke rufewa ya yi gansakuka. Wata asuba a Agustan 2021 mahaifiyar maigidan ta fito da buta za ta bakin famfo, sandarta ta zame a kan koren, ta faɗi a kan hannu. Ina cikin ɗakina na ji ƙarar butar tana gangarawa, sai salati ya biyo baya. Wuyan hannunta ya karye, ta yi wata biyu da ɗauri. Tun daga ranar ba ta sake taka harabar ba sai an riƙe ta.

Fabrairun 2022: intalok a kan tsohon daɓe

A lokacin intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a ƙasa suna riƙe juna, ya zama yayi, duk sabon gida a Rayfield ko kan hanyar Bauchi shi ake gani. Wani mai aikin ya zo da hotuna a waya, Hajiya ta zaɓi zanen lu'ulu'u ja a cikin ruwan toka. A ƙofar gida aka buga bulon, da mazubin roba, kaurinsa santimita 6, aka fara jerawa yana da kwana biyar da bugawa.

Maigidan ya tambaya ko za a fasa tsohon daɓen. Amsar da aka ba shi tana nan cikin littafinsa: "Alhaji, ai wannan riba ce, ka riga ka samu harsashi kyauta." Aka shimfiɗa baƙar leda a kai don hana ciyawa, aka zuba yashi don daidaita tudu da kwari, wani wurin santimita 5, wani wurin har 12. Aka jera bulon layi-layi a miƙe, daga get zuwa baranda. Gefen da ke kallon wurin shuka ba a yi masa madogara ba, an dai shafa ɗan siminti a bakin. Injin daddaɓewa bai zo ba, da katako da guduma aka bubbuga.

Wata uku harabar ta yi kyau ƙwarai, har masu wucewa na leƙowa. Daga Yuni sawun taya ya fara bayyana, kwari biyu a jere, zurfinsu ya kai santimita 4 kafin Satumba. Idan ka taka bulo bayan ruwa, sai yashi da ruwa su tsarto ta tsakani su ɓata maka wando. Layukan gefe suka buɗe, bulo na kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Ciyawar da aka sa leda dominta ta fito abinta, don irinta daga sama iska ke kawowa, ba daga ƙasa ba.

Babban abin ya faru ne a wani daren Agustan 2022. Ruwa ya haye baranda ya shiga falo, ya jiƙa kafet da ƙafafun kujeru da buhun shinkafa guda. Da gari ya waye aka auna: tsakanin saman intalok da daɓen baranda saura santimita 3. Matakala biyun nan babu su, burji da siminti da yashi da bulo sun haɗiye su a hankali, ba wanda ya lura.

Sauran daminar da rabin ta 2023 da buhunan yashi a bakin baranda aka yi su.

Agustan 2023: awo

Ɗan yayar maigidan, wanda ya karanta aikin gine-gine a kwalejin fasaha kuma yake aikin hanya a Abuja, ya zo hutu. Bai ce komai ba sai da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya fita da lema ya tsaya a tsakiyar harabar kusan rabin awa, yana yayyaga takarda yana jefawa a ruwa, yana bin inda take nufa. Hajiya ta leƙo ta taga ta ce wa maigidan, "Alhaji, yaron nan lafiyarsa kuwa?"

Washegari ya sayo siririn tiyo mai haske, ya cika shi da ruwa, shi da wani yaro suka auna tudu da gangare a wuri goma sha biyu, suna sa alama da alli a jikin katanga. Ya ɗaga bulo a wuri uku ya tona. A duka ukun yashin da ke kan leda jiƙe yake sharkaf kamar kunu, kwana biyu bayan ruwa. A ramin bakin get, sai da ya kai santimita 60 kafin diga ta taɓa ƙasa mai tauri, abin da ya fito kafin nan har da tsumma da fasassun kwalabe.

Sannan ya zauna da kawun nasa ya yi masa lissafi a bayan ambulan. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Harabar 180 ce, rabin rufin da ke zubowa gaba kuma 80, ya zama 260. Ruwan milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a Agustan Jos, lita 7,800 ke nan, jarka 312 mai cin lita 25. Duka suna nufar ƙofar falo, ban da na layi.

"Kawu," in ji shi, "sau uku kuna sayen abin da za a taka. Ba a taɓa sayen hanyar da ruwa zai bi ba."

Maigidan ya ce to yanzu wane irin bulo za a sayo. Ɗan yayan ya ce a bar maganar bulo sai ƙarshe.

Nuwamban 2023 zuwa Janairun 2024: aikin

An jira ruwa ya ɗauke. Aka fara da kwashewa: bulo gefe guda, yashi gefe guda, leda a shara, aka farfasa tsohon daɓen aka tara. Kowane bulo sai an gwara shi da ɗan'uwansa, mai ƙara kamar ƙarfe a ajiye, mai amon ruɓaɓɓen kabewa a jefa cikin tarin ɓaraguzai. Kusan rabi ne suka tsira. Aka rage ƙasar gaban gida har ta koma santimita 15 ƙasa da daɓen baranda. Tifa biyar ta ƙasa ta fita daga gidan, abin da ya fi komai ƙona wa maigidan rai, don da kuɗinsa aka shigo da ita.

Sai ruwa. A bakin get aka yi ɗan tudu mai tsayin santimita 10, da lambatu mai murfin ƙarfe a gabansa, yana karɓar ruwan layi ya mai da shi babbar magudanar unguwa. Aka sa wa rufin gaba indararo mai zuba cikin tanki na lita 2,000. Aka gina wata magudana mai faɗin santimita 30, ta ratsa gaban baranda, ta bi jikin katangar hagu, ta fita ta baya. Wannan katangar ita ce tamu, don haka kafin a sa diga maigidan ya shigo har gida ya nuna mini inda ruwan zai fita, muka je tare muka ga ba zai kwanta a gindin ginin kowa ba. Rigimar indararo tsakanin maƙwabta tsohuwa ce, ba a rasa ta a gaban mai unguwa duk damina.

Daga nan aka raba harabar gida huɗu, kowane da irin shimfiɗarsa.

Hanyar mota aka fi kashe wa kuɗi, ko da yake ba ta da wani girma a ido: faɗi mita 3.2, tsawo mita 12, kimanin murabba'in mita 38. Wurin tsohon ramin aka tone shi har ƙasa mai tauri, aka mayar da ciko da farfasasshen daɓen nan da burji, santimita 15 a kowane zubi, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddaɓewa da aka ɗauko haya na kwana uku. Sauran hanyar aka tona santimita 30. Kafin komai aka kafa dogayen bulon gefe, waɗanda magina ke kira kab, a cikin kankare, hagu da dama, aka bar su suka kama. Sannan fasasshen dutse santimita 18 a zubi biyu, kowane da nasa daddaɓewar. Dutse dai ba ya wuya a Jos, ga masu fasa shi nan a bakin hanyoyi. A kansa yashi mai kaifi santimita 4, an ja shi da katako ya kwanta daidai, ba leda. Sai bulo mai kaurin santimita 8, bugun inji, mai tsawon santimita 20 da faɗin 10. Irin wannan guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, aka sayo 2,000 saboda yanka da fashewa.

Jeren ma an sauya. Maimakon layi a miƙe, aka yi jeren ƙayar kifi, kowane bulo ya tokare ɗan'uwansa a kwana, yadda babu dogon layin da taya za ta tura. Aka karkata hanyar santimita 2 a kowace mita zuwa ɓangaren magudana. Da aka gama aka share busasshen yashi mai laushi cikin tsakanin bulon, aka bi da inji, aka ƙara yashi, aka sake bi. Jan bulon Hajiya bai tafi a banza ba, da shi aka yi layin ado a bakin hanyar ƙafa.

Hanyar ƙafar daga ƙaramar ƙofar get take zuwa baranda, faɗinta mita 1.2, yadda mutum biyu za su jera, ko mai riƙe da tsohuwa. Da tsoffin bulon santimita 6 da suka tsira aka yi ta, a kan dutse santimita 10, ita ma da madogara a gefe. Aka ja reshe ɗaya zuwa bakin famfo, aka sa ƙarfen dafawa a jikin bango da ƙwan fitila ɗaya mai aiki da hasken rana.

A kan sauran filin aka yi gardama. Ɗan yayan ya so a zuba tsakuwa da ciyawa a bar ƙasa ta sha ruwa. Hajiya ta ce tsakuwa ba ta sharuwa, ba a shanya barkono a kanta, ba a shimfiɗa tabarma ranar biki. "Kai Abuja za ka koma," in ji ta, "ni ce mai tsintsiya." Aka tsaya a kan daɓen kankare na mita huɗu da huɗu a gefen da rana ta fi bugawa. Kaurinsa santimita 10, buhu goma, cikakken haɗi. Aka yanka layi a tsakiya ta kowane ɓangare, aka ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye don ya yi kaushi, aka rufe da jiƙaƙƙun buhuna kwana bakwai. Abin da ya rage aka bar shi ƙasa: tsakuwa a gindin katangar inuwa inda gansakuka ke fita, ciyawa da 'yan kunyoyin latas da albasa a ɗaya gefen, da dashen fiya guda nesa da hanya saboda saiwa.

An kafa doka ɗaya: tanka ba ta ƙara shigowa, daga waje za ta miƙo tiyo. An gama a ƙarshen Janairun 2024. Makonni kaɗan bayan haka buhun siminti ya haura naira dubu goma a kasuwa.

Damina biyu bayan haka

A daminar 2024 da ta 2025 ruwa bai hau baranda ba. Bangon ya bushe, aka kankare aka sake fenti a Disamban 2024, bai sake kumbura ba. Hanyar mota ba ta yi sawu ba, sai wuri ɗaya kusa da get da ya zauna santimita 2, inda mai gyaran famfo ya tona ya mayar da hannu. Aka ɗaga bulo talatin, aka daddaɓe, aka mayar da su cikin rabin yini, ba a sayi komai ba sai yashi.

Ba a rasa ɗawainiya ba. Lambatun bakin get na cika da leda da yashin layi, in ba a kwashe duk mako ba ruwa kan tsallake tudun, kuma ya taɓa tsallakewa sau ɗaya. Ciyawa na fitowa a tsakanin bulo, ana cirewa. Bayan kowace damina ana ƙara yashin tsakani. Yara na watsa tsakuwa a kan hanya, wannan kam Hajiya ta yi gaskiya. Tsohuwa ta koma zuwa famfo da kanta, tana dafa ƙarfe.

Abin da na gani a ciki

A ganina ba burji ne ya gaza ba, ba siminti ba, ba kuma intalok ba. Kowannensu yana zaune lafiya a wasu gidajen garin nan. Ayyuka ukun farko kuskurensu iri ɗaya ne: an ɗora sabo a kan matsalar da ba a taɓa ba. Ƙasan na motsi, ruwan ba shi da mafita, kuma kowane gyara na ɗaga harabar yana kusantar da ruwa ga ƙofa. Ledar da aka sa da tsohon daɓen da aka kira riba su suka riƙe ruwa a cikin yashi, yashi mai kauri kuma in ya jiƙe ba ya ɗaukar taya. Da an yi magudanar nan a 2019, ina jin ko burjin farko da an daddaɓe shi da ya kai su shekaru.

Abu na biyu da ya yi aiki shi ne daina kallon harabar a matsayin fili ɗaya mai buƙatar shimfiɗa ɗaya. Mota na taka kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na wurin, can aka zuba kuɗin dutse da inji. Ƙafa ba ta buƙatar bulo mai kauri, kaushi take so da abin dafawa. Daɓen Hajiya kuwa, da na ɗauka rigima ce kawai, shi ne wurin da aka fi zama a gidan yanzu.

Inda nake da ja shi ne tsakuwar. Da ni ne, ciyawa zan shuka har gindin katanga, in haƙura da yanka. Kuma tudun bakin get ya ɗan yi tsini, ƙaramar mota na gogar ciki in ta shigo da kaya. Maigidan ya yarda da wannan, ya ce za a kwantar da shi bayan damina. Da ya haɗa lissafin littafinsa, kuɗin ayyuka ukun farko tare da na asibiti da na kafet sun fi na aikin ƙarshe, duk da tsadar da kaya suka yi bayan cire tallafin mai a 2023. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin jimillar, ya rufe littafin.